Darasin Lissafi: Yadda A Ke Sanin Halin Babban Adadi

A cikin watan Maris na shekarar 2006 aka yi ƙidayar jama'a a Nijeriya. Mutanen Malali da yawa suna tune da wannan mako. An ce kowa ya zauna a gida. Ma'aikatan ƙidaya suka bi gida gida, tun daga bakin kogin Kaduna har zuwa Badarawa, suna tambaya suna rubutawa. Haka aka yi a kowace unguwa da kowane ƙauye. Da aka gama, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tara abin da aka samu. Ga yawan mutanen da ta ce akwai a Jihar Kaduna:

6,113,503

In kana Malali a lokacin nan, to, kai ma kana cikin wannan adadi, da kai da iyalinka. Irinsa a ke dubawa wajen rabon kuɗin ƙasa tsakanin jihohi, da wajen yanka mazaɓu, da wajen shirin makarantu da ruwan famfo. Shi ya sa ƙidaya ta sha jawo gardama a ƙasar nan. An soke ta 1962 aka sake wata a 1963, kuma an soke ta 1973.

Mutum da yawa in ya ga alƙaluma sun jeru haka sai ya kau da kai, ya ce wannan aikin akawu ne. To, ɗan'uwa, rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ba ya iya karanta babban adadi, abin da aka gaya masa shi zai karɓa, ko a rasit, ko a takardar fili, ko a saƙon banki. A wannan darasi za mu ɗauki adadin nan guda, mu yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, har mu san halinsa. Tambayoyin da za ka koya a nan su ne za ka yi wa kowane adadi ka gamu da shi.

1. GIDAJEN ALƘALUMA

Alƙaluman lissafi goma ne kawai: 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9. Da su a ke rubuta kowane adadi, komai girmansa. Abin da ke ba alƙalami daraja shi ne gidan da ya zauna. A kan fara duba gidajen daga hannun dama, kuma kowane gida ya ninka na damansa sau goma. Ga gidajen adadinmu:

3 yana gidan ɗaiɗai, watau 3
0 yana gidan gomomi, watau babu
5 yana gidan ɗaruruwa, watau 500
3 yana gidan dubbai, watau 3,000
1 yana gidan dubu goma, watau 10,000
1 yana gidan dubu ɗari, watau 100,000
6 yana gidan miliyan, watau 6,000,000

Ka lura, 3 ya zo sau biyu. Na farko mutum uku ne, na biyu kuwa mutum dubu uku.

Dubi sifiri kuma. Shi kansa ba kome ba ne, amma yana tsare gida. In aka cire shi, 503 ya zama 53, sauran alƙaluma duk su gusa, adadin ya koma 611,353. Mutum fiye da miliyan biyar sun ɓace ke nan saboda alƙalami guda. Wannan tsari na gidaje daga ƙasar Hindu ya fito. Wani malami a Bagadaza, Alkawarizmi, ya yi littafi a kansa wajen shekarar 825, ya bazu cikin ƙasashen Larabawa. Kalmar sifiri ma daga Larabci muka samo ta.

Waƙafi shi ne mai raba alƙaluma uku uku, don ido ya huta. Kada ka rikita shi da ɗigo. N6,113.50 naira dubu shida ne da ɗari da goma sha uku da kwabo hamsin, gama abin da ke bayan ɗigo kwabbai ne.

Yanzu sai mu karanta adadinmu: miliyan shida, da dubu ɗari da dubu goma sha uku, da ɗari biyar da uku.

Akwai wani tarko a bakinmu na Hausa. In mutum ya ce "dubu ɗari da goma sha uku", wani zai ji 113,000, wani zai ji 100,013. Masu hankali su kan maimaita kalmar dubu in suna nufin na farko, su kan ce "da guda goma sha uku" in suna nufin na biyu. In ciniki ne ko bashi, kada ka tsaya ga maganar baki. Ka ce a rubuta da alƙaluma a gaban shaidu.

In za ka gwada adadi biyu, fara ƙirga alƙalumansu. Mai alƙaluma da yawa shi ne babba. In sun zo daidai, sai ka duba daga hagu. A ƙidayar nan Kano ta sami 9,401,288, Legas ta sami 9,113,605. Duka biyu sun fara da 9, amma 4 ya fi 1, don haka Kano ce gaba. Kaduna ce ta zo ta uku.

2. INA GIRMANSA?

Faɗar miliyan shida ba wuya, ganinsa a zuci shi ne aiki. A ce mutanen nan za su wuce ta gabanka, kowane sakan mutum guda, ba dare ba rana, ba ci ba barci. Sakan 86,400 ke cikin kwana guda. Sai ka yi kwana 70 da awa 18 da 'yan mintoci kafin na ƙarshe ya wuce.

Kakanninmu ba baƙin manyan adadi ba ne. Lokacin da a ke ciniki da wuri, akwai masu sana'ar ƙirga kuɗi a kasuwa, suna jan wuri biyar biyar da yatsunsu. Wuri 100 shi ne zangu. Wuri 20,000 shi ne keso. Suna da metan, watau 200, da arbaminya, watau 400, da alfyan, watau 2,000. Miliyan kuwa zambar dubu su ke ce masa. Da a ce kowane mutumin Jihar Kaduna zai ba da wuri guda, da an cika keso 305, saura wuri 13,503. Wani matafiyi Bajamushe, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal guda na azurfa a kan wuri 2,500. Bisa wannan farashi, tarin nan namu riyal 2,445 ne da wuri 1,003.

3. CIKA KO MARA

Yara suna da wasa. Ɗaya ya dunƙule tsakuwa ko gyaɗa a hannu, ya ce wa ɗan'uwansa, "Cika ko mara?" In an jera su biyu biyu ba saura, cika ne. In guda ta rage, mara ne. Wannan shi ne rabo na farko da masu lissafi su ke yi wa adadi.

Ba sai ka jera mutum miliyan shida ba. Dubi alƙalamin ƙarshe kawai. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, adadin cika ne. In 1, 3, 5, 7 ko 9 ne, mara ne. Dalili kuwa, goma cika ce, ɗari cika ce, dubu ma haka. Saboda haka gidan ɗaiɗai kaɗai ke yanke hukunci. Adadinmu ya ƙare da 3, don haka mara ne.

Hukumar ta ce a cikin mutanen nan maza 3,090,438 ne, mata 3,023,065. Na maza cika ne, na mata mara. Cika da mara in an tara su, mara a ke samu kullum. Cika da cika, cika. Mara da mara, cika. In akawu ya tara maka cika biyu ya kawo mara, ba shakka ya yi kuskure.

4. WA ZAI RABA SHI BA SAURA?

Ga wasu alamu da za su gaya maka tun kafin ka fara rabawa.

Da 2: sai adadi ya zama cika. Namu ba ya rabuwa.

Da 5: sai ya ƙare da 0 ko 5. Da 10: sai ya ƙare da 0. Namu ba ya rabuwa da ko ɗaya.

Da 4: dubi alƙaluma biyu na ƙarshe. In 4 ya raba su, ya raba adadin duka. Namu ya ƙare da 03, ba ya rabuwa.

Da 3 da 9: tara alƙaluman duka. 6 da 1 da 1 da 3 da 5 da 0 da 3 sun zama 19. In 3 ya raba abin da ka samu, zai raba adadin. Haka kuma 9. To, 19 shi ne 18 da 1. Saboda haka ko da 3 ka raba adadinmu ko da 9, mutum guda zai rage. Ga dalilin wannan alama. Goma ita ce 9 da 1. Ɗari ita ce 99 da 1. Dubu ita ce 999 da 1. In ka raba 500 da 9, kowace ɗari za ta bar saura guda, watau 5. Kowane alƙalami saurarsa shi ne kansa, shi ya sa a ke tara su.

Da 11: ɗauki alƙalami guda ka tsallake guda. Na farko da na uku da na biyar da na bakwai su ne 6, 1, 5, 3, sun zama 15. Waɗanda ka tsallake su ne 1, 3, 0, sun zama 4. Ɗebe ƙarami daga babba. 15 ban da 4, saura 11. In abin da ya rage 0 ne, ko 11, ko 22, to, 11 zai raba adadin. Ashe mun sami mai raba shi:

6,113,503 = 11 x 555,773

Ga amfanin wannan a zaman yau da kullum. A ce ku tara ne kuka yi noman rani tare a fadama, kuka sayar da tumatir N47,250. Mai riƙe da kuɗi ya ce ba su rabuwa daidai, a bar masa 'yar saurar. Kai kuwa sai ka tara: 4 da 7 da 2 da 5 da 0, 18 ke nan. Tara ta raba 18. Ka san ke nan ba wata saura, kowa N5,250 zai samu.

Wani lokaci kuma dole a yi saura. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23. In ka raba adadinmu da 23 za ka sami 265,804, saura 11. Wannan shi a ke kira matsakaici. Ba ya nufin kowace ƙaramar hukuma haka mutanenta su ke. Kaduna ta Arewa, inda Malali ta ke, ta fi haka, wasu kuwa ba su kai ba.

5. GAGARA-RABO

Akwai adadin da ba mai raba shi sai 1 da shi kansa. Misali 7. Gwada da 2, da 3, da 4, da 5, da 6, kowane sai ya bar saura. Irin wannan za mu kira shi gagara-rabo. Wanda ke da wani mai raba shi kuwa, kamar 6 ko 15, sunansa mai rabuwa. Shi 1 ba a sa shi cikin ko wane ɓangare.

Ga hanyar tace su, wadda wani malami a Iskandariyya ta Masar, Eratostenis, ya nuna fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ana kiranta rariya. Rubuta daga 2 zuwa 100 a allo. Bar 2, ka soke 4, 6, 8 da duk ninkinsa. Bar 3, ka soke duk ninkinsa. Yi haka da 5 da 7. Abin da ya tsaya a kan rariya guda 25 ne:

2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97

Duk cikinsu 2 ne kaɗai cika. Kowane adadi mai rabuwa da waɗannan aka gina shi, kamar yadda a ke gina soro da tubali, kuma hanyar gininsa guda ce tak. Misali 60 shi ne 2 x 2 x 3 x 5. Keso, watau 20,000, shi ne 2 har sau biyar da 5 har sau huɗu, an ninka su da juna.

Adadinmu mai rabuwa ne, tun da 11 ya raba shi. To, 555,773 fa? Ka gwada 7, ka gwada 13, 17, 19, kowane zai bar saura. Sai ka gwada gagara-rabo fiye da ɗari kafin ka iso wanda zai raba shi, shi ne 647. Abokinsa kuwa 859. Su biyun duk gagara-rabo ne. Ga tubalan adadinmu ke nan:

6,113,503 = 11 x 647 x 859

Ɗauki alli ka ninka da kanka ka gani. 647 sau 859 ya ba da 555,773. Wannan kuma sau 11 ya ba da 6,113,503.

Tun da tubalansa uku ne, ba wanda ya maimaitu, masu raba shi takwas ne kawai: 1, 11, 647, 859, 7,117, 9,449, 555,773, da shi kansa. Watau in za a jera mutanen nan sahu sahu ba saura, ana iya yin sahu 859 na mutum 7,117, ko sahu 647 na mutum 9,449. Sahu goma goma ko ɗari ɗari ba zai yiwu ba.

Ka lura da wani abu. Ninka 647 da 859 aikin minti biyu ne. Amma in an ba ka 555,773 aka ce nemo tubalansa, sai ka yini. A kan wannan bambanci aka gina ɗaya daga cikin manyan makullan da ke tsare asirin saƙonnin banki da intanet. A kan ɗauki gagara-rabo biyu masu alƙaluma ɗaruruwa a ninka su. Wanda bai san su ba, ko da kwamfuta ya ke aiki, ba ya iya warware su cikin lokacin da zai amfane shi.

Gagara-rabo ba su da ƙarshe. Iƙlidis, wani malamin Iskandariyya, ya tabbatar da haka wajen shekara 2,300 da suka wuce. A watan Oktoba na 2024 an gano wani da kwamfuta, mai alƙaluma 41,024,320. Namu alƙalumansa bakwai ne.

6. MURABBA'I

In ka shuka itatuwa layi 5, kowane layi guda 5, ka sami 25, kuma gonar tsawonta da faɗinta ɗaya. Irin wannan adadi sunansa murabba'i: 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81, 100. Dubi ƙarshensu. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, ko 3, ko 7, ko 8, komai girmansa. Adadinmu ya ƙare da 3, saboda haka ba murabba'i ba ne.

Amma yana tsakanin murabba'i biyu. 2,472 sau 2,472 shi ne 6,110,784. 2,473 sau 2,473 shi ne 6,115,729. Da za a tara mutanen jihar a fili guda, sahu 2,472, kowane sahu mutum 2,472, da mutum 2,719 sun rasa wurin tsayawa.

7. KAMMALALLE, MAI RARA DA MAI GIƁI

Malaman hisabi na dā suna da wani rabo kuma. Su kan tara duk masu raba adadi, ban da shi kansa, su ga abin da zai fito.

Ɗauki 6. Masu raba shi 1, 2, 3. Sun taru sun ba da 6 daidai. Wannan kammalalle ne. Irinsa ba su da yawa: 6, 28, 496, 8,128, daga nan sai an wuce miliyan 33 kafin a sami na biyar.

Ɗauki 12. Masu raba shi 1, 2, 3, 4, 6. Sun ba da 16, sun wuce shi. Wannan mai rara ne.

Ɗauki 10. Masu raba shi 1, 2, 5. Sun ba da 8, ba su kai shi ba. Wannan mai giɓi ne.

Adadinmu fa? Tara 1, 11, 647, 859, 7,117, 9,449 da 555,773. Za ka sami 573,857. Ko kashi ɗaya cikin goma na 6,113,503 bai kai ba. Mai giɓi ne ƙwarai. Ashe girman adadi ba shi ke sa ya yi masu raba shi da yawa ba. Wannan mai miliyan shida yana da takwas, 240 kuwa yana da ashirin.

Tsofaffi sun san 240. Kafin a kawo naira ran 1 ga Janairu 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, watau kwabo 240 a fam guda. Sule yana rabuwa tsakanin mutum biyu, sisi sisi, da mutum huɗu, taro taro, da mutum uku ko shida ba faɗa. Naira mai kwabo 100 ta fi sauƙin rubutu da tarawa, amma masu raba 100 tara ne kawai, kuma 3 ba ya ciki.

Masu rabon gado ma da irin wannan adadi su ke aiki. Su kan ɗauki 24, don rabinsa, da sulusinsa, da rubu'insa, da sudusinsa, da sumuninsa duk suna fita ba saura. In mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji kaɗai, a kan kasa dukiya kashi 24. Mata ta sami sumuni, kashi 3. Uwa ta sami sudusi, kashi 4. Ɗa ya ɗauki 17 da suka rage.

Kada ka zaci wannan ilimi baƙo ne a ƙasar Hausa. Akwai wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya tafi aikin haji ya zauna a Masar. A 1732 ya yi littafi da Larabci a kan yadda a ke jera adadi cikin gidajen murabba'i, ta yadda ko ta ina aka tara, abu ɗaya za a samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Gwada mafi ƙanƙanta. Jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. A tsaye, a kwance, ko a karkace, 15 za ka samu.

8. GWAJIN TARA

Ga wata dabara ta duba lissafin da wani ya yi maka. Mun ga cewa in ka tara alƙaluman adadi, za ka san saurarsa in an raba shi da 9. Mu gwada lissafin Hukuma da ita.

Maza 3,090,438. Alƙalumansa sun ba da 27. Zubar da tara tara, saura 0.
Mata 3,023,065. Alƙalumansa sun ba da 19. Zubar da tara biyu, saura 1.
Jimla 6,113,503. Alƙalumansa sun ba da 19, saura 1.

Sifiri da 1 sun ba da 1. Gwaji ya yi daidai. In da saurar jimla ta saɓa, to, lalle akwai kuskure, sai a sake.

Amma ka kiyaye, gwajin nan yana da inda ba ya gani. In an juya alƙaluma, aka rubuta 3,900,438 maimakon 3,090,438, tarinsu ɗaya ne, alhali an ƙara 810,000. In an ƙara sifiri, N50,000 ta zama N500,000, nan ma ba zai kama ba. Saboda haka bayan gwajin tara, ƙirga alƙaluman, ka karanta su gida gida kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.

9. ABIN DA ADADI BA YA FAƊA

Yanzu mun san halin 6,113,503. Alƙalumansa bakwai. Mara ne. Mai rabuwa ne, tubalansa 11 da 647 da 859. Masu raba shi takwas. Ba murabba'i ba ne. Mai giɓi ne.

Wannan duk halin adadi ne, bai shafi mutanen da aka ƙirga ba. A ce an ƙara jariri guda da aka haifa a Malali daren ƙidaya. Adadin ya zama 6,113,504, halinsa duka ya sake. Ya zama cika, har ana iya raba shi biyu sau biyar a jere: 3,056,752, sai 1,528,376, sai 764,188, sai 382,094, sai 191,047. Mutanen jihar kuwa suna nan yadda su ke. In wani ya ce maka adadi kaza mai sa'a ne, kaza mai tsiya, ka tuna da jaririn nan.

Kuma kowane adadin ƙidaya yana da shekararsa. Wannan na 2006 ne. Yaran da aka haifa a shekarar nan sun zama samari da 'yan mata, an haifi wasu, wasu sun rasu, baƙi sun zo. An shirya wata ƙidaya a 2023 aka ɗage ta. In ka ji an kawo babban adadi a rediyo ko a wurin taro, yi tambaya uku: Wa ya ƙirga? Yaushe? Ƙirgawa aka yi ko ƙiyasi? Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYI

1. Rubuta da alƙaluma: dubu ɗari biyu da dubu arba'in. Sa'an nan rubuta: dubu ɗari biyu da guda arba'in. Nawa ne tsakaninsu?

2. A ƙidayar 2006 Jihar Katsina ta sami 5,801,584. Karanta shi da baki. A wane gida 0 ya ke? Cika ne ko mara?

3. Mutanen Nijeriya duka a ƙidayar nan 140,431,790 ne. Zai rabu da 10? Zai rabu da 3? Faɗi dalili.

4. Da mutum nawa maza suka fi mata a Jihar Kaduna a 2006? Duba amsarka da gwajin tara.

5. A cikin 51, 53, 57, 91 da 97, waɗanne ne gagara-rabo?

6. Nuna cewa 28 kammalalle ne.

7. Mata tara suna adashi, kuɗinsu ya kai N83,160. Zai rabu daidai? Nawa kowace za ta samu?

8. Nemo wani rasit ko takardar kuɗin ruwa a gidanka. Zo da ita aji mako mai zuwa, ka karanta wa 'yan'uwa adadin da ke ciki, gida gida.